Kunnen Hagu na Mai Gyaran Sifika

Shagon bai wuce taku shida ba daga ƙofa zuwa bango, faɗinsa kuwa in mutum biyu za su gifta juna sai ɗaya ya tsuke ciki. A da Mai Kunne ne yake tsukewa. Da cikin ya daina karɓar umarni, sai aikin ya koma kan ɗansa. Daga ƙasa har rufi akwatunan sifika ne a jibge, wasu an yaye musu raga, wasu an kwashe musu hanji, wasu kuma masu su sun ajiye tun zamanin kaset suka ce gobe za su dawo. Wurin yana warin dalma da gam da tsohon katako, irin warin da matarsa ta ce ko a taron mutum dubu aka rufe mata ido za ta nemo mijinta da shi.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, kuma ba a banza mutanen layin suka laƙa masa Mai Kunne ba. A sauran shaguna, in aka kawo sifika mai ciwo, mitar awon wuta ake fara ɗaukowa. A nan kuwa jona ta ake yi da amfilifaya, a saka waƙa mai ganga da yawa, a murɗe murya har ƙarshe, har sai sukurorin da ke kan tebur sun fara tafiya da ƙafarsu. Sannan mai gyara ya durƙusa, ya manna kunnensa na hagu a jikin ragar, ya rufe ido. Dole hagu, domin hannun dama yana kan abin murɗa murya. A can cikin wannan tsawa akwai wata 'yar ƙara da ke ɓuya, kamar ana murza busasshen ganye a cikin aljihu. In daga gefe take fitowa, takardar sifikar ce ta tsage. In daga tsakiya, koyil ne, wato naɗin wayar da ke ciki, yake gugar ƙarfe. In kuwa tana zuwa tana ɗaukewa, sukuru ne ya saki, a ɗaure shi a sallami mai kaya. Minti ɗaya ya ishi Mai Kunne. Sai ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya faɗi ciwon kamar mai duba, mai kaya ya riƙe baki.

A wurin maigidansa ya koyo, wani tsoho da ake kira Baba Rediyo, wanda kullum yake cewa, "Mita ƙarfe ce. Ba ta taɓa rawa ba, ina za ta san waƙa?" Tsohon ya yi suna wajen faɗa. Ko ina kwana zai ce maka, sai kajin layi sun watse. Duk waɗanda suka koyi aiki a hannunsa sun ɗauka zafin rai ne. Sai da ya daɗe da rasuwa Mai Kunne ya gane ba faɗa bawan Allah yake yi ba. Gaisuwa yake yi, da muryar da shi kansa zai iya ji.

Amma kai, an sha zamani. Lokacin Mai Kunne yana da suma a ka, da wando mai faɗin ƙafa da ke share wa gari titi kyauta. Ranar Asabar shi da abokan aikinsa su loda akwatuna takwas a bayan mota, su nufi filin ƙwallo inda makaɗa za su yi wasa, su jera su huɗu-huɗu kamar bene. Kowa yana neman inuwa, shi kuwa wurinsa gaban sifika, inda ganga ke dukan ƙirji har maɓallin riga yana rawa. In makaɗa sun tafi hutu aka saka kaset ya sarƙe, ya zaro biro daga bayan kunne ya naɗe zaren kafin ƙiftawar ido, jama'a su yi masa tafi kamar shi ya rera waƙar. In an tashi, su koma gida kunnuwa suna ta ziiii har washegari. Har suna suka ba wannan ƙara. Cewa suke waƙar ce ta rako su gida. Wanda ba ta rako ba, a ce bai yi aiki ba, inuwa ya sha.

A wannan zamanin ne wata budurwa ta kawo rediyon yayanta gyara. Sau huɗu tana dawowa da shi, domin kullum sai ya bar waya ɗaya a kwance. A na biyar ta dire rediyon a kan tebur ta ce, "Malam, in magana ce da kai ka yi ta, yayana ya fara zargin ba ka iya aiki ba." Ita ce yanzu yake kira Shugaba, kuma ba da wasa yake kiran ba.

Shekara uku da suka wuce, wata Lahadi da rana, ya kwanta a falo ya ɗora kunnen dama a kan matashi. Gari tsit. Ya ji daɗin shirun, har ya fara yaba wa maƙwabta a zuciyarsa. Da ya juya, sai ga ruwan sama yana dukan kwano kamar za a fasa rufin. Ya sake juyawa, tsit. Ya juyo, ruwa. Ya yi haka sau biyar kamar wanda ya sami sabon makunnin fitila, kafin ya gane kunnen hagu ne ba ya ji.

Ya ce wa mutanen gida zai je sayo koyil, ya zarce asibitin kunne. Suka sa shi a wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, suka ɗora masa hedifon, suka ba shi wani abin dannawa, wai in ya ji ƙara ya danna. A dama ya danna jefi-jefi. A hagu ya zauna da abin a hannu kamar mai jiran mota a hanyar da aka rufe, daga baya ya danna sau biyu don kada a raina shi. Likitar, wadda takalmin ƙafarsa ya kusa girme ta, ta tambaye shi sana'arsa. Ya faɗa. Ta ce ya nuna mata yadda yake yi. Ya karkata kai ya manna kunne a jikin kabad ɗinta, har da rufe ido. Ta ajiye biro.

"Baba, a can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi sirara kamar ciyawa," in ji ta. "A taka ta sau ɗaya, ta kwanta ta tashi. A riƙa taka ta kullum, sai wurin ya zama hanya. Ta tsakar gida in an yi ruwa tana dawowa. Wannan ba ta dawowa. Na hagu ya tafi. Na dama saura kamar rabi, shi za mu lallaɓa."

"To wannan gyaren da ke kuka a ciki dare da rana fa?"

"Shi kam ya zama ɗan gida."

Ya ninke takardar da ta ba shi, ya cusa ta cikin wani akwatin sifika da mai shi bai waiwaye shi ba shekara ashirin, ya mayar da sukurori. Mu maza da muka haura hamsin haka muke maganin cuta: mu ɗaure ta da sukuru huɗu, mu ce mun gama da ita.

Aiki kuwa bai tsaya ba. Yana durƙusawa yadda ya saba, ya manna mataccen kunnen a raga, ya rufe ido. Sai dai yanzu yatsunsa na hagu suna zagayawa a ɓoye su dafa gefen akwatin. Ashe abin da kunne ke ji, fata ma tana ji. Takarda in ta tsage, cakulkuli take yi wa yatsa. Koyil in yana guga, sai ka ji kamar yashi a ƙarƙashin fata. Har ya gano ba sai an ƙure murya ba, a ƙasa-ƙasa ma yatsa yana faɗin gaskiya. Amma ya ci gaba da ƙurewa, da 'yar auduga a kunnen dama hula ta rufe ta, domin masu kaya suna son ganin sukurori suna tafiya, shi kuma yana son ganin sun riƙe baki.

Ɗansa na fari, wanda ake kira Dogo, shekararsa ashirin da bakwai, yana da mata da jaririya 'yar wata tara, kuma yawancin aikin shagon yanzu a hannunsa yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yadda uban ke durƙusawa haka yake durƙusawa, da karkata kan, da rufe idon, har kaɗe gwiwar. Mai Kunne yakan zauna a bakin ƙofa yana kallonsa, ƙirjinsa ya cika fal. Bai taɓa haɗa wannan kallo da takardar da ke cikin akwati ba. Ko kuma ya haɗa, ya yi maza ya kawar da kai.

Wata Laraba da rana suna cin abinci a kan benci a ƙofar shago, su uku da Tela, maƙwabcinsu da keken ɗinkinsa ke jingine da bangonsu shekara da shekaru. Dogo ya ajiye cokali, ya karkata kai, ya shiga buga kunnensa na hagu da tafin hannu kamar wanda ruwa ya shigar masa wajen wanka.

"Lafiya, ko ƙuda ne ya kama haya a ciki?" in ji Tela.

"Waƙar taron ranar Lahadi ce, Kawu. Ta rako ni gida, ta ƙi komawa." Dogo ya yi dariya. "Da kwana ɗaya take yi, yau ga shi kwana uku. Baba, na fi ka aiki ke nan, ko?"

Mai Kunne ya daina tauna. Shi ma haka ta fara masa. Kwana ɗaya, kwana uku, mako guda, daga nan ta kwaso kayanta ta tare.

"Ci abincinka," kawai ya ce.

Washegari ya biya kantin magani ya sayo 'yan robobin toshe kunne, ya ajiye su a kan teburin Dogo kamar wani ne ya manta.

"Wannan fa, Baba?"

"Wani mai kaya ne ya ba ni. Wai a can ƙasashen da ake ƙera sifika, masu irin aikinmu da su suke aiki."

"Shi ya sa kayansu suke ƙarewa a teburinmu." Dogo ya leƙa ta taga. "Kawu Tela! Ga tsaraba. Ka riƙa sawa ranar da mai riga ya zo ka ce masa gobe karo na bakwai."

Tela ya karɓa, har da godiya.

Ranar Juma'a Mai Kunne ya kakkaɓe ƙurar mita ya ajiye ta kusa da amfilifaya. Dogo ya dube ta, ya dubi uban, ya buɗe maƙogwaro irin na tsohon da bai taɓa gani ba: "Mita ƙarfe ce! Ba ta taɓa rawa ba!" Tun yana goye yake jin wannan karatu.

"Zamani ya canja, Dogo. Sifikun yanzu sun fi na da ƙarfi. Ka riƙa rage murya, ka ɗan ja baya. Kunne tsoka ne."

"Haba Baba. Kai shekara talatin kana manna naka, ga ka nan garau. Ko tururuwa ta yi tuntuɓe a cikin akwati sai ka faɗi ƙafar da ta buge. Da abin yana kashe kunne, ai da kai zai fara."

Nan Mai Kunne ya ga ramin da ya gina da hannunsa. Duk hujjar da zai kawo, Dogo yana da wadda ta fi ta, kuma hujjar ita ce shi kansa, zaune a kujera hula ta rufe auduga. Muddin yana nan da sunansa, ɗansa ba zai ɗaga kunne daga raga ba. Sunan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya kai hamsin da huɗu. Suma ta tafi, gwiwa tana kuka kamar tsohuwar ƙofa, 'yan matan filin ƙwallo duk sun zama kakanni. Abin da ya rage masa a layin nan shi ne in ya wuce a ce, ga wanda yake jin abin da ba a ji.

Ranar Asabar da yamma matar Dogo ta kawo jaririyar gida. Aka ɗora masa ita a kafaɗar hagu. Yana jin ɗuminta, yana jin ɗan bakinta yana motsi a jikin wuyansa. Can sai ya ga ɗaki ya kaure, Shugaba tana tafi, uwar yarinyar ta rufe baki da hannu.

"Baba, ka ji? Ka ji abin da ta ce?"

Ya washe baki ya ce ya ji mana, wannan ai lauya za ta zama. Har yau bai san me ta ce ba. Shugaba ta dube shi jim kaɗan, ta taso ta ɗauke yarinyar ta mayar masa da ita kafaɗar dama, ta koma ta zauna.

Ranar Litinin da hantsi motar wata makaranta ta sauke musu sifiku goma sha biyu na zauren taronsu, manya, kowace sai mutum biyu sun kama. Wai wasu suna shashshaka, ba a san waɗanne ba. Goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, murya a ƙure, kunne a raga.

"Bari ni in duba su," in ji Mai Kunne.

"Da wace gwiwar? In ka durƙusa sau goma sha biyu, da wa za mu ɗaga ka? Zauna, Baba, ka ga aikin ɗanka."

Dogo ya jona ta farko ya murɗe. Gilashin taga ya ɗauki rawa. Ya durƙusa ya manna kunne. Mai Kunne ya ga kwalar rigarsa tana kaɗawa da iskar da ke fitowa daga sifikar. Ya ga yadda ya yamutsa fuska a dukan ganga na farko, sannan ya saki jiki kamar mai shiga ruwan sanyi. Ya san wannan sakin jiki. Ya yi shi sau dubu, yana ɗauka ƙwarewa ce.

"Wannan lafiyarta ƙalau," in ji Dogo da ƙarfi. "Ta biyu!"

Yana cikin jona ta biyu Mai Kunne ya miƙa hannu ya zare filogin amfilifaya daga bango.

"An ɗauke wuta ne?"

"Ni na ɗauke. Kira min Tela."

"Kawu Tela kuma? Me ya sani a sifika?"

"Shaida nake so. In babu shaida gobe zan ce ban yi ba, na san halina."

Tela ya shigo da tef ɗin awo a wuya, allura a baki. Mai Kunne ya jawo kujera tsakiyar shago, ya zauna, ya ba sifikar gefensa na hagu, taku biyu tsakaninsu. Ya cire hula. Ya zaro audugar daga kunnen dama ya ajiye a kan tebur, su biyun suka bi ta da kallo kamar kunama ya zaro.

"Mayar da filogin. Ka sa muryar daidai yadda ake hira, kada ka wuce. Zan toshe na dama in rufe ido. Lokacin da ka ga dama ka kunna. Da na ji zan ɗaga hannu."

"Baba, wane irin wasa ne wannan, ga aiki jibge?"

"Yi abin da na ce."

Ya danna tafin hannu a kunnen dama da ƙarfi, ya ɗaga ƙafafunsa ya ɗora a sandar kujera don kada siminti ya tsegunta masa, ya rufe ido. Gyaren yana ta kukansa. Ya jira. Numfashi goma, numfashi ashirin. A ransa yana fatan abu biyu da ba sa haɗuwa, ya ji kuma kada ya ji. Da jiran ya ishe shi ya ce, "To kunna mana, ko sai na tsufa a nan?"

Aka taɓa kafaɗarsa. Ya buɗe ido, ya sauke hannu, sai waƙar ta zubo masa ta dama, har ta kai wurin amshi. Dogo yana tsaye a kansa, fuskarsa kamar an watsa masa ruwa.

"Tun da ka rufe ido na kunna."

Tela ya cire allurar daga baki. "Ikon Allah. Ni kuwa shekara uku ina cewa girman kai ne. In na gaishe ka ta wannan gefen ka share ni, har ƙararka na kai wurin matata."

"Girman kan ma akwai, kada ka ɗora wa kunne duka."

Dogo bai yi dariya ba. Ya kashe waƙar. "Tun yaushe?"

"Shekara uku da na sani. Allah kaɗai ya san tun yaushe ya fara haɗa kaya."

"To sifikun da kake dubawa a gabana fa? Ta makon jiya ka ce koyil ne, na buɗe na tarar koyil ne."

Mai Kunne ya ɗaga yatsunsa na hagu ya kaɗa su.

"Kuma kullum kana zaune a ƙofar can kana kallona ina durƙusawa."

"Ina kallonka."

"Har da murmushi."

"Har da murmushi. Shi ne abin da ya fi ba ni kunya." Ya nuna wani akwati can kusa da rufi. "Sauko da wancan ka kwance."

Dogo ya sauko da shi, ya kwance, ya zaro takardar asibitin ya karanta a tsaye. Zane biyu ne a kai, ɗaya ya gangara kamar hanyar rafi, ɗaya ya kwanta ƙasa warwas. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu a hankali, yadda ake taɓa ƙurji.

"Tawa yau kwana takwas," ya ce. "Ba ta tafi ba. Ban dai sake faɗa ba ne."

Ya ajiye takardar ya fice. Tela ya yunƙura zai bi shi, Mai Kunne ya riƙe masa tef.

"Bar shi ya sha iska. Ni ma da Baba Rediyo yana raye da na je na zazzaga masa masifa, ko da yake ba ji zai yi ba."

Bayan kamar rabin awa Dogo ya dawo idonsa jawur. Bai dubi uban ba. Ya tsaya a kan sifika ta biyu, hannu a ƙugu.

"Saura goma sha ɗaya. Da me za a duba su?"

"Kawo hannunka."

Suka yaye ragar. Mai Kunne ya sa murya ƙasa, yadda mutum zai iya waya a gefenta, ya kama yatsun Dogo uku ya ɗora a bakin takardar. Rabon da ya riƙe hannun nan tun lokacin da yake tsallakar da shi titi.

"Kada ka danna. Bar ta ita ta zo ta same ka."

"Ba na jin komai. Rawa kawai take yi."

"Ni wata biyu na yi kafin in ji, kuma ba ni da malami. Matsa gefe kaɗan. Yi haƙuri da ita."

Ta biyu, ta uku, ta huɗu, uban ne ya faɗi lafiyarsu, ɗan yana bi da yatsa yana tsaki. A ta biyar Dogo ya tsaya cak.

"Yashi. Baba, kamar yashi."

"A gefe ko a tsakiya?"

"Yana ƙaruwa in na matso tsakiya."

"To me ke nan?"

"Koyil."

"Ɗauko mitar ka tabbatar. Ba ta iya rawa ba, amma ita har yanzu lafiyarta ƙalau."

Aikin da a da ake gamawa kafin shayi ya huce, sai da ya kai su yamma. Sukurori suka zauna inda aka ajiye su. Ba wanda ya tsaya a ƙofa kallo, ba wanda ya riƙe baki. Tela ya leƙo ya ce yau ne karo na farko da ya ji ƙarar kekensa, ashe shi ma yana neman mai. Ya dire robobin toshe kunnen a kan teburin Dogo, ya ce bai taɓa sawa ba, zagin masu riga ya riga ya zame masa kiɗa.

A gida Mai Kunne ya gyara murya, ya zauna a gaban Shugaba kamar mai laifi a gaban alƙali, ya faɗi komai. Ta saurara har ƙarshe tana ninke kayan wanki.

"Sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Wa kake tsammani ya mayar da kujerarka wancan gefen talabijin?"

"Kin sani? To me ya hana ki magana?"

"Magana da wa? Da kunnen da ya mutu, ko da kan da ya fi shi tauri?"

Ranar Alhamis da safe suka rufe shago, uba da ɗa suka tafi asibitin kunne. Aka shigar da Dogo ɗan ɗakin nan, Mai Kunne ya tsaya a bayan gilashi yana kallon babban yatsansa. Duk dannawa ɗaya sai ya sauke numfashi. Da aka koma hagu, yatsan ya danna, ya danna, ya danna, sai ya tsaya. Mai Kunne ya ga likitar tana murɗa wani abu, yatsan yana nan shiru. Ya dafa gilashin. Can yatsan ya sake dannawa.

Likitar ta shimfiɗa sabuwar takardar a gabansu. Zanen dama miƙaƙƙe. Na hagu ma miƙaƙƙe, sai wuri ɗaya da ya lotsa kamar an danna kwano da yatsa.

"Wannan lotsawar ta zauna, ba za ta ciko ba," ta ce wa Dogo. "Ƙarar da kake ji wataƙila ta lafa, wataƙila ta rage kaɗan, ba zan yi maka alkawari ba. Sauran duk naka ne, in ka so. Ka nisanci bakin sifika. In za ka yi aiki a wurin taro ka toshe kunne, ka riƙa fita yana hutawa. Duk inda sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa." Ta dubi Mai Kunne. "Kai ne ka kawo shi, Baba?"

"Ni na kawo shi," in ji shi. "Ta kowace fuska."

Suka shiga motar haya za su koma. Direban ya ƙure rediyo, sifikar tana ƙarƙashin kujerarsu tana dukan ƙafafu. Mutum goma sha huɗu a ciki, kowa ya haɗiye ya yi shiru. Ba su yi nisa ba Dogo ya miƙa wuya.

"Direba, don Allah a ɗan rage mana."

Direban ya dube shi ta madubi, ya faɗi wata magana doguwa yana kaɗa hannu. Motar ta kwashe da dariya, wata mata a baya har da buga cinya. Mai Kunne ya ga bakuna a buɗe, ya juyo da kai.

"Me ya ce?"

"Gara da ba ka ji ba, Baba."

Amma direban ya rage. Ba da yawa ba, ya dai rage.